Ɗakin da nake ja a bayan mota

Assalamu alaikum. Ni mutumin Tudun Wada ne a nan Kaduna, nan aka haife ni, nan na yi aure, kuma yanzu shekaruna sun haura sittin. Sana'ata gyaran inji: injin ban-ruwa, injin niƙa, injin casar masara da na shinkafa. Mutane da dama sukan tare ni a gidan mai ko a bakin kasuwa su tambaye ni labarin 'yar farar tirelar da nake ja a bayan motata. Wasu sun ɗauka ta masu rigakafi ce, wasu su ce ta tallan magani ce. Ɗakin kwanana ne. Yaran gida ne suka matsa in ba da labarinta daga farko a rubuta, na kuma yarda, domin akwai bayin Allah da suka yi min alheri a kanta, ba na so alherin ya tsaya a cikina ni kaɗai.

A 1984 na shiga ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a matsayin yaron fitta. Wanda bai ga Kakuri a wancan lokaci ba, da wuya ya gane abin da aka rasa. Masaƙar farko tun 1957 aka buɗe ta, zamanin Sardauna, sauran suka biyo baya, ga kamfanin Fijo yana haɗa motoci tun 1975. In aka tashi daga aiki, kekuna ne suke cika titi har mota ta rasa wurin bi. A can na koyi ƙarfe. Maigidana na farko ya koya min in saurari inji kafin in taɓa shi, in kuma na kwance abu in jera kayansa yadda suka fito. Da masaƙun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, tamu ma ta bi sahu. Ba zan kama suna ba, ba kuma zan tsaya kan maganar haƙƙoƙinmu ba. Wasu abokan aikina sun koma ga Allah suna jira.

Da iyali a wuyana, sai na ɗauki akwatin sifanonina na shiga ƙauye. Da rani ina wajen masu noman fadama a bakin kogin Galma, ta Soba da Kubau, ko wajen dam ɗin Kangimi, ko Maƙarfi wajen masu rake. Da kaka kuma Pambeguwa da Saminaka, inda masara take. Allah Ya sa albarka har na sayi tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura, wadda nake hawa har gobe. Aikin ƙauye ba a yinsa da gaggawa. Ka je don inji guda, kafin ka gama an jero maka biyar, dole ka kwana, wani lokaci ka shafe mako. A zaure nake kwana, ko barandar masallaci, ko ɗakin da mai gida ya ba ni. Ina da sauran ƙarfi a lokacin, sauro da sanyi ba sa hana ni tashi aiki, ko da yake zazzaɓin cizon sauro ya sha kwantar da ni in na dawo gida.

Abin da ya sauya min tunani ya faru ne da hunturun ƙarshen 2019, a wani ƙauye bayan Pambeguwa. Wani manomi ne ya kira ni injin casarsa ya tsaya ana tsakiyar aiki. Talaka ne sosai, gidansa ɗaki biyu da 'yar madafa. Da dare ya kai ni ɗaki mai tsabta, an share, an shimfiɗa tabarma da bargo, har da garwashi a kasko. Na yi barci mai daɗi. Da asuba na fito zan yi alwala, sai na ji tari daga madafa. Na haska tocila, sai ga tsohuwa a duƙunƙune kusa da murhu, ta lulluɓa da zani ɗaya da buhu a kan ƙafafunta. Mahaifiyarsa ce. Ɗakinta aka ba ni, bargonta na rufa da shi. Wanda ya san sanyin wannan yanki a watan Disamba ya san abin da nake faɗa. Na durƙusa na ce, "Iya, don me aka yi haka?" Ta ce, "Ɗana, kai baƙo ne, kuma abincinmu ka zo gyarawa." Ta faɗa da zuciya ɗaya, ko alamar damuwa babu a muryarta.

Na gama aikin ban karɓi ko kwabo ba, amma hakan bai sauke min nauyin ba. A hanyar dawowa na dinga tuna gidajen da na kwana cikin shekarun nan, ina tambayar kaina tsofaffi nawa da masu jego nawa aka tasa saboda ni ban sani ba. Mutanenmu na karkara ba za su taɓa gaya maka ba. Su dai a fita kunyar baƙo, ko da su za su kwana a waje. Na ƙudura a raina cewa in dai zan ci gaba da wannan sana'a, sai na nemi makwancin da zan riƙa tafiya da shi. Bayan motata bai isa ba, don kullum cike yake da inji da jarkokin mai da baƙin mai. Ina cikin wannan tunani kullen korona na 2020 ya zo, kowa ya zauna a gida, maganar ta kwanta.

Sai a 2021 na haɗu da ita. Na je kasuwar Panteka neman wani ƙarfe, na ratsa ta filin wani ɗan gwangwan da muka saba, sai na hange ta a jingine da katanga, an tula mata tsofaffin wilin mota da gwangwanaye. Ƙafa biyu gare ta, dogon wuya, da wani zobe mai kauri a baki. Koren fentin soja ya koɗe ya koma kalar ƙasa. Kaduna garin soja ce tun kafuwarta, ga Runduna ta Ɗaya a Kawo, ga barikin Ribadu, ga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da masana'antar ƙera makamai ta DICON da aka kafa a 1964, ga barikin Jaji a kan hanyar Zariya, ga sansanin sojan sama a Mando. Saboda haka tsofaffin kayan da aka yi gwanjonsu sukan ƙare a hannun 'yan gwangwan. Ya ce min cikin wani gwanjo ya haɗo ta, jira yake mai yanka ya zo a sa mata wuta a ɗora a sikeli. Na roƙe shi aron guduma, na shiga ƙarƙashi na bi shasin ina bugawa. Ko'ina ƙara yake bayarwa garau, babu inda ya amsa da muryar ruɓa. Gindin bodin ne kawai tsatsa ta cinye har ana hango ƙasa. Na ce, "Alhaji, kar ka yanka. Auna ta a kuɗin ƙarfe ka ɗora ribarka." Ya ce, "Malam, me za ka yi da wannan?" Na ce ɗaki zan yi. Ya dube ni ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya kuma rage min wani abu a kan abin da ya fara faɗa. Na nemi ya ba ni rasiti da kwafin takardar gwanjon, ya ba ni.

Da aka kawo ta ƙofar gida, yaran unguwa suka kewaye ta. Cikin masu zuwa kallo har da wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon saje ne, direba ya yi a soja tun lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Baba Saje muke ce masa. Ya zo da sandarsa, ya zagaya ta a hankali, ya sa a kawo masa ruwa da tsumma ya goge wani ɗan allon ƙarfe da ke jikin wuyanta. Rubutu ya fito: Sankey, sunan kamfanin da ya ƙera ta a Ingila, da nauyin da aka yarda ta ɗauka, kashi uku cikin huɗu na tan, wajen kilo 750 ke nan. Ya ce irinta suke ɗaura wa Land Rover. Daga nan ya shiga koya min ita kamar jiya ya rabu da ita.

Ya ce, "Ka lura ba ta da ƙofa ta baya? Da gangan ne. An yi ta ne kada ruwa ya shiga in za a ƙetare rafi. Duba gindinta, akwai ramukan da ake toshewa da noti. In an ajiye ta buɗe su ake yi ruwan sama ya tsiyaye. Waɗanda suka jingine ta ba su buɗe ba, shi ya sa ruwa ya kwanta ya ci ta." Ya nuna min zoben bakin, ya sa hannu ya murɗa, da ƙyar ya motsa. Ya ce juyawa yake yi, don in ta kife a mummunar hanya kada ta kifar da motar da ke janta. Sannan birkinta, wanda shi ya fi burge ni a matsayina na fitta. Zoben yana kan wani sanda mai shiga ciki ya fito. In direba ya taka birki, nauyinta ya turo gaba, sandan sai ya nutse ya ja wasu sanduna a ƙarƙashi, su kuma su matse birkin ƙafafunta. Babu mai, babu iska, babu lantarki, nauyinta ne yake tsayar da ita. In za ka yi ribas kuma sai ka sauka ka kifa wani ɗan ƙarfe ya tare sandan, in ba haka ba cijewa za ta yi.

Na tambaye shi, "Baba, me kuke ɗauka a ciki?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Harsashi. Garin rogo. Jarkokin mai. Wata rana kuma 'yan'uwanmu da suka riga mu." Uwargida tana daga bakin ƙofa ta ji wannan magana. Da dare ta ce min, "Malam, abin da ya ɗauki gawa a fagen yaƙi za ka mayar wurin kwana?" Ban raina maganarta ba, don ni ma ta tsaya min a rai. Na kai wa limamin masallacinmu. Ya ce ƙarfe ba ya ɗaukar zunubi, ba ya riƙe fatalwa, a wanke shi a yi bismillah, waɗanda suka rasu kuma a yi musu addu'a ko su waye. Haka muka yi. Ita da kanta ta ɗebo ruwa da omo ranar wankin farko.

Kwance ta ya ci lokaci, don da yamma nake yi in na dawo aiki, da kuma ranakun da babu kira. Notukan sun shekara da shekaru ba a taɓa su ba. Sai in jiƙa su da kananzir da baƙin mai su kwana, wanda ya ƙi in gasa shi da wuta. A nan wani abu ya faru da ya sa ni hawaye. Sifanonin da nake aiki da su yau na milimita ne, don injinan ban-ruwa na yanzu duk ƙirar Caina da Japan ne, ko ɗaya bai zauna a kan notukanta ba. Sai na tuna da wani ƙunshi a ƙasan gado. Sifanonin inci ne da na saya da albashina ina masaƙa, saboda injinan da na yi wa hidima a can ma na Ingila ne. Tun ranar da aka rufe ƙofa ban kwance ƙunshin ba, ganinsa ma ba na so. Na ɗauko, na goge, na ɗora ɗaya a kan notin sifirin. Ya zauna daram. Na daɗe a tsugune da shi a hannu kafin in murɗa. Shekarun da nake gani kamar sun tafi a banza, ashe Allah Ya ajiye musu rana.

Sifirin na warware shi ganye-ganye, na kankare tsatsa da buroshin waya, na shafa giris na mayar. Ganye ɗaya ya tsage, wani mai sifirin ya yanko min daga na tsohuwar Land Rover. Boris ɗin ƙafafu ma a wajen masu kayan Land Rover na samu, haka wili mai noti biyar da taya 7.50-16. Da yake ƙafarta ba ta yi daidai da ta motata ba, sai da na nemo mata safaya tata daban. Wayoyin fitilunta duk na fitar. Ƙwayayen fitilar da na tarar na wuta mai ƙarfin volt 24 ne, motata kuwa 12 ce, don haka na ja sabuwar waya na sa fitilun birki da na sigina irin na zamani. Ƙugiyar ja kuma sai da aka ƙera min mazauni mai tsayi a bayan Fijo, aka ɗaure shi da shasi, domin bakin tirelar a tsayin Land Rover aka yi shi.

Da aka zo aikin walda na mayar da ita Panteka. Ina so wanda ba ɗan Kaduna ba ya san cewa a wannan kasuwa akwai masu basirar da ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Ka zo da zane a bayan kwali, su ƙera maka injin niƙa, ko tukunya, ko ƙofa, ko kayan motar da aka daina yi. Wanda ya yi min aiki matashi ne, sa'an babban ɗana. Na nuna masa zanena: ɗaki mai tsayin da mutum zai miƙe a ciki. Ya duba ya ce, "Baba, ka yi haƙuri in faɗi nawa. Ƙafafunta a matse suke. In muka ɗaga ta haka, ranar da babbar mota ta wuce ka da gudu a hanyar Zariya, ko ka shiga kwana da rami, za ta kwanta." Na ce to mene ne dabara? Ya ɗauki alli ya zana a ƙasa: rufi mai ɗagawa. In ana tafiya a sauke shi ya kwanta a kan bodi, in an tsaya a tura shi sama, tamfol ya zama bango. Na ga gaskiyarsa nan take. Ya yanke ruɓaɓɓen gindin ya sa sabon faranti, ya bar ramukan tsiyayar ruwa yadda masu ita suka yi. Ya ɗora firam na siririn faif mai kusurwa huɗu don kada nauyi ya yi yawa. Abin da zai riƙa ɗaga rufin kuwa, sandunan nan ne masu riƙe murfin but ɗin mota, ya tsinto su a wajen masu yanka motoci. Da hannu ɗaya nake tura rufin yanzu.

Tamfol ɗin wani mai ɗinkin rumfar Keke Napep ne ya ɗinka, da taga a kowane gefe, kowace da ragar sauro da marufi mai zif. Zafi ne babban abin tsoro a ɗakin ƙarfe, saboda haka muka shimfiɗa farin soson nan da ake sako firji a ciki tsakanin rufi da silin filawud. Tsawon bodin ya kusa ƙafa shida, daidai kwanciyata. Gadon yana sama, ƙarƙashinsa kuma wurin ajiya ne. Jarkokin ruwa biyu masu lita 25 da akwatin kayan aiki a kan aksil suke zama, an ɗan turo su gaba kaɗan. Baba Saje ne ya koya min gwajin: ka kama bakinta ka ɗaga, in ta taso da sauƙi nauyi ya koma baya, za ta riƙa wutsil-wutsil a kan titi, in ta gagare ka ɗagawa kuma ka danne bayan mota. A gefe akwai faranti mai saukowa ya zama tebur, a nan nake ɗora 'yar tukunyar gas. A waje take zama, a waje ake girki. Wuta ko garwashi ba sa shiga inda nake kwana, janareta ma ba na kunnawa kusa, don mun sha jin yadda hayaƙi yake kashe iyali guda suna barci. A kan rufi akwai farantin sola mai wat 100 da batir, yana ba ni ƙwan fitila biyu da 'yar fanka da cajin waya.

Autana ya gama sakandare yana zaune a lokacin, ni kuma zaman matashi a bakin titi ba ya kwanta min. Shi na riƙa aikawa ya tsaya a kan aikin. Daga miƙo ƙarfe ya koma riƙe giranda, daga nan aka ba shi walda ya gwada. Yau shekararsa ta uku a wannan rumfa, ogansa ya fara barin masa aiki shi kaɗai. Ban nufi haka ba da na sayi tirelar, Allah ne Ya haɗa.

Maganar fenti ba ta ado ba ce. Farar hula ba ya yawo da kalar soja, balle a wannan zamani da 'yan bindiga suka addabi hanyoyinmu. Koren abu a bayan motarka zai jawo maka tambaya a shingen jami'ai, a daji kuma ya jawo maka abin da ya fi tambaya. Muka kankare koren har ƙarfe, da ƙyalle a hanci saboda ƙurar tsohon fenti, muka shafa jan fentin hana tsatsa, sannan fari, wanda yake rage zafin rana ma. Allon sunan kawai na bari. Na je ofishin lasin na tambayi abin da ake bukata na yi, na liƙa mata abin ƙyalli ja a baya, takardunta kuma kullum suna cikin leda a mota. Wata rana a wani shinge wani matashin soja ya zagaya ta ya ce, "Baba, wannan ai tamu ce." Na miƙa masa takardu. Ya karanta, ya ce in ɗaga rufin ya gani. Da ya leƙa ya ga gado da buta da dadduma, sai ya kira abokan aikinsa su zo su kalla, ya ce, "Allah Ya kiyaye hanya, Baba."

Na fara fita da ita da ranin 2023, kuma a fitar farko na gamu da abin da ban yi tsammani ba. Na sauka a wani ƙauye a ƙasar Soba, na je gaida mai unguwa kamar yadda na saba. Da magariba ta yi ya ce an gyara min ɗaki. Na yi godiya na ce na zo da nawa. Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Malam, laifi muka yi maka? Ko gidan namu ne bai kai ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ba haka ba ne." Na ba shi labarin tsohuwar nan ta madafa. Ya ce wannan ai ba komai ba ne, haka suka gada, baƙonka annabinka. Gaskiya ya faɗa, kuma na ji nauyin maganar, don ni ma da wannan tarbiyya aka raine ni. Mutum ya zo garinku da ɗakinsa, kamar yana cewa ba ya bukatarku ne. Limamin garin ne ya raba gardamar. Ya ce haƙƙin baƙo a Musulunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce, shi kuwa wannan bawan Allah zuwansa ba ɗaya ba ne ba biyu ba, ya zama ɗan gari, a bar shi ya kwana inda ba zai takura kowa ba, amma abinci na mai unguwa ne. Kowa ya yarda.

Tun daga ranar haka nake yi ko'ina. A ƙofar gidan mai unguwa ko gefen masallaci nake ajiye ta, ba na kwana a gona, ba na kwana a daji, ba na tafiyar dare, akwai kuma hanyoyin da na daina bi gaba ɗaya sai Allah Ya kawo sauƙi. Tuwon gidan da na sauka nake ci, da su nake sallah, da su nake hira har a watse. Uwargida takan cika min wani lungu da garin kunu da ƙuli-ƙuli da yaji, yawanci da yaran gari muke cinyewa. Da dare wayoyi ne jere a kan teburin suna caji, masu su na zaune a kan tabarma ƙarƙashin rumfar tamfol ana labarin taki da farashin masara. Zumuncin da na ji tsoron zai ragu, ƙaruwa ya yi, domin yanzu ni ma ina da wurin da zan ce wa mutum bismillah, in dafa masa shayi.

Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka. Masu noman rani suka shiga wani hali, da yawa suka koma mayar da injinansu na ban-ruwa su yi aiki da gas ɗin girki. Aikin ya ƙaru min, amma zirga-zirga tsakanin Kaduna da ƙauye ta gagara. Ba don wannan ɗaki ba, da na ajiye sana'ar a shekarar. Janta yana ƙara shan mai, gaskiya ne, sai dai fita ɗaya nake yi in bi ƙauyuka a jere, in dawo gida sau ɗaya. Zazzaɓi kuma ya yi min sauƙi sosai tunda nake kwana cikin raga.

Ba ta rasa matsala ba. Da ruwan watan Agusta mai iska, ɗigo yakan shigo ta inda tamfol ya haɗu da rufi a gaba, mun sa roba ya ragu amma bai ɗauke ba. In babu kaya a ciki tsalle take yi a kan gargada, don sifirin ɗinta na ɗaukar nauyi ne. A watan Afrilu da rana ba ta shiguwa, sai bayan isha'i. Hawa gadon ma ya fara yi wa gwiwata wuya, autan ya ce zai ƙera min ɗan tsani mai naɗewa.

Baba Saje ƙafa ta yi nauyi yanzu, ba ya fita sosai, amma duk dawowata sai ya aiko a tambaye ni ko na sa giris a zoben, ko na buɗe ramukan ruwa. Allah Ya saka masa da alheri, shi da mai waldan nan, da ɗan gwangwan da ya haƙura bai yanka ba. Tsohuwar Pambeguwa kuwa na koma na same ta da rai, na kai mata bargo, na ɗaga rufin ta gani daga inda take zaune, ta sa min albarka. Bara aka aiko min ta rasu. Allah Ya jiƙanta, Ya sa Aljanna ce makomarta.

Kwanakin baya wani malamin dabbobi da ke bin rugage yana allura ya tsayar da ni a Saminaka, ya duba ta ciki da waje, ya ce shi ma kwanan ƙauye ya ishe shi. Na gaya masa in ya samu irinta ya fara buga shasi da guduma, ya duba wuyan ko an taɓa yi masa walda, ya kuma tabbatar da takarda kafin ya ba da kuɗi. Ya kira ni makon jiya ya ce ya ga wata a wajen 'yan gwangwan a Zariya, ba ta da ƙafa ɗaya, zoben kuma ya cije. Na ce ya ba da kafin alƙalami kada a yanka. In Allah Ya kai mu Asabar za mu je da autana mu gani, da sifanonin inci a mota.